Numfashi Ɗaya

Kakana Bikaji na kwance a asibitin Satara,
robar iska a hancinsa,
ƙirjinsa na hawa da sauka kamar zugazugin da ya huje.
Na kawo masa lambar da muka ciyo a gasar kabaddi ta 'yan mata.
Ya juya ta a tafin hannu, ya ce ba ta da nauyi.

"Ku agogo ke ƙirga muku," in ji shi,
"daƙiƙa talatin, a kan shimfiɗar roba.
Mu hututu muke ce masa,
kuma ƙirjinka ne alƙalinka.
A ja layi da toka a gonar da aka sare rake,
a yayyafa ruwa, a tsince duwatsu.
Ka cika huhu, ka faɗa gidan mutum bakwai kai kaɗai,
bakinka na hu-tu-tu-tu ba yankewa.
Ka taɓa wanda ka taɓa, ka dawo.
In muryar ta tsinke ka mutu,
ko ba wanda ya kama ka."

Na san labarin. Kowa a ƙauyenmu ya san shi:
shekarar da rijiyoyi suka ƙafe,
ranar bikin haikalin kan tudu,
mutanen ƙetaren kogi suka zo da amalanke goma sha ɗaya.
Su biyar suka rufar masa,
Hanmant mai turken ɓauna ya rungumo shi ta ƙirji,
shi kuwa ya ja su kamar sa da garma,
taku, rarrafe, jan ciki,
har ɗan yatsansa ya dangwali toka.
Aka naɗa masa rawani ruwan goro.
Yana nan a akwatin kakata, asu ya ci gefe guda.

Ya ce in matso.
Warin magani da man kwakwa.
"Na shaƙa," ya ce.
"Saura kamu ɗaya tsakanina da layi, duhu ya rufe ni,
na saci iska, 'yar kaɗan, kamar kurɓin shayi.
Ganguna sun danne, alƙali bai ji ba.
Amma hannun Hanmant na kan haƙarƙarina.
Ya ji. Ba yadda za a yi a ce bai ji ba.
Shekara hamsin da huɗu muna haɗuwa a kasuwar shanu,
ya tambayi damina, in tambayi gwiwarsa.
Bai taɓa tayar da zancen ba,
ni kuma ban taɓa iya kallon hannun nan ba."

Na rasa ta cewa. Na gyara masa matashi.

Ran Alhamis sai ga Hanmant a bayan babur ɗin jikansa,
ya bushe kamar rake bayan matsa,
yana ta rufe masa ido biyu.
Ya lalubi gado, ya lalubi bargo,
ya ɗora tafinsa daidai wurin,
ƙasan haƙarƙarin hagu, kamar jiya ya ɗauke shi.
Suka yi shiru har mai jinya ta leƙo ta koma.
Can ya ce, "Bikaji, ja da kyau.
Ja mana. Ba wanda zan gaya wa."

Kakana ya yi dariya har tari ya sarƙe shi,
hawaye na bin robar zuwa kunne.

Da yamma na koma atisaye.
Agogo na ƙifta jajayen lambobi a bango.
Na tsallaka layi, bakina ya ce hu-tu-tu da kansa.
Kociya ta busa usur, ta ce wannan kuma wane yare ne?
Na tsaya tsakiyar fili,
'yan mata bakwai riƙe da hannun juna suna jirana,
na ja iska, na cika ƙirji,
a gaban kowa.